Malamar ɗana ta rubuta "fiddling with things" a katin sakamako, me take nufi?

Maman Biyu: Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah masu Turanci ku taimaka min. Jiya aka ba yara hutu na karɓo katin sakamakon babban, yana aji uku na firamare shekararsa takwas, makinsa ba laifi alhamdulillah amma a ƙasa wajen da malamar aji take rubuta ra'ayinta sai na ga ta sa "He is bright but he is always fiddling with things during lessons." Na duba fiddle a ƙamus ɗin waya sai ya nuna min hoton goge irin na Turawa, na rasa me ya haɗa yarona da goge, babansa kuma ya yi tafiya balle in tambaye shi. Tun jiya raina ba daɗi wallahi don ban sani ba ko wani mugun hali take nufi, kar dai ace ɗauke-ɗauke yake yi a aji ban da labari

Ɗalibar Zariya: Wa alaikumus salam Anti, kwantar da hankalinki ba maganar sata bace sam. Cewa ta yi yaron yana da ƙoƙari amma hannunsa baya zama waje ɗaya, ana karatu yana taɓe-taɓe, ya murza biro ya buɗe ya rufe, ya ja zif ɗin jaka, irin haka

Maman Biyu: Alhamdulillah har na ji sanyi. Ai kuwa shi ne, ko a gida rimot baya kwana da murfinsa

Mai Gyaran Waya: to ni tambayata me yasa bata rubuta playing with ba kawai kowa ya gane? mu dai abin da aka koya mana kenan, wasa da abu play with. wani lokacin malaman nan suna tsaurara Turanci ne iyaye su kasa ganewa

Malamin Sakandare: Wa alaikumus salam. Hajiya abin da ɗalibarmu ta faɗa miki daidai ne. Malam mai gyaran waya kuma, malamar nan bata tsaurara komai ba, kalmar da ta dace ta ɗauko. In ta ce playing with things za a iya fahimtar cewa yaron ya ajiye karatu gefe ya buɗe wasa da gangan, kamar ya mai da ƙyallen goge allo mota yana tuƙawa a kan tebur. Fiddle with kuwa hannu ne kawai yake aiki, mai hannun sau da yawa bai ma san yana yi ba, kunnensa na iya zama yana wajen malama sarai. Yawanci abu uku ke kawo shi, gajiya da zama, ko fargaba, ko tunani ya yi nisa. Mu a Hausa duka biyun wasa muke cewa shi ya sa yaranmu suke zuba play with ko'ina. Ku duba yadda muke cewa yarinya ta sunkuyar da kai tana wasa da yatsunta ko tana wasa da gefen mayafinta in iyaye suna mata maganar aure, ai kowa ya san ba wasan ne a ranta ba, kunya ce da fargaba. To wannan wasan shi ne fiddling with, "she was fiddling with the edge of her veil". Play with ma Bature yana faɗa a wajen, "playing with her hair", ba kuskure bane, amma fiddle ta fi nuna rashin natsuwar.

Mai Gyaran Waya: ok na gane Malam, wato wasan da ba wasa ba

Malamin Sakandare: Haka ne.

Amaryar Bara: Ni kuma fidget na sani, ranar da na je intabiyu na aiki wata ƙawata ta ce min don't fidget, na ɗauka duk abu ɗaya ne da wannan. Akwai bambanci ne ko kuwa

Ɗalibar Zariya: inaga duk ɗaya ne, ƙamus ma in kin duba ɗaya sai ya turaki wajen ɗayan

Baba Tsohon Akawu: Salamu alaikum. 'Yata ba ɗaya ba ne, kodayake suna maƙwabtaka. Fidget ita ce mutsu-mutsu. Jiki ne gaba ɗaya ya ƙi zama: a gyara zama, a sake gyarawa, a kaɗa ƙafa, a sosa ƙeya, a leƙa taga. Tana tsayawa da ƙafarta ba sai an kawo wani abu a bayanta ba, "Stop fidgeting", magana ta ƙare. Mu da muka yi firamare lokacin da Turawa ba su daɗe da barin makarantu ba, wannan kalma mun sha ta a wajen taron safe. Fiddle kuwa aikin yatsu ne, kuma sai da abin da ake taɓawa. Ba za ki ce yaro yana fiddling don yana kaɗa ƙafa ba. Inda suke haɗuwa shi ne idan aka sa with a bayan fidget, "he fidgeted with his cap", to nan kusan daidai take da fiddled with his cap, sai dai fidget ta fi karkata ga wanda hankalinsa ba a kwance yake ba.

Ɗalibar Zariya: Na gode Baba Allah ya ƙara girma, wallahi ban taɓa lura ba. Kenan mai kaɗa ƙafa fidget kawai, mai murza zobe kuma duka biyun sun hau

Baba Tsohon Akawu: Kin kama. Kuma a lura da furuci, fijit ake cewa, d ɗin da g ɗin sauti ɗaya suke bayarwa. Na sha jin matasa suna cewa fid-get. Wajen rubutu kuma t ɗaya ce, fidgeted, fidgeting, kada a ninka ta.

Amaryar Bara: ai kuwa fid-get nake cewa Baba, na gyara daga yau

Maman Biyu: To ni har yanzu gogen nan ne ya tsaya min a rai, me ya kawo shi cikin maganar

Mazaunin Manchester: Hajiya ƙamus ɗinki bai yi ƙarya ba, kalma ɗaya ce. Fiddle a matsayin suna shi ne violin, musamman in ana kiɗan gargajiya da shi irin na mutanen Ireland da Scotland, ko a can karkarar Amurka. Kai ko gogenmu na Hausa in Turawa za su yi bayaninsa one-string fiddle suke cewa, wato goge mai tsirkiya ɗaya. To ki kalli yatsun mai goge yadda suke rawa a kan tsirkiya basa tsayawa, daga nan aka ari kalmar aka ɗora wa duk mai yatsun da basa hutawa. Nan inda nake kullum sai na ji ta, a bas uwa zata ce wa ɗanta stop fiddling with that, a wajen aiki kuma wani zai ce "I fiddled with the settings and now it works", wato ya ɗan tattaɓa saitin abin ya juya nan ya juya can har ya tashi ba tare da ya san takamaimai me ya gyara ba. Wannan ma'ana ta biyu ce kuma ana amfani da ita sosai ko ma fiye da ta farko

Mai Gyaran Waya: yauwa an zo wajena. wannan ai shi ne abin da kwastoma suke min kullum, waya ta samu matsala kaɗan maimakon a kawo sai a ba wani yaro a gida ya buɗe ta da reza ya jagwalgwala fulas ɗin sikirin ya tsinke, sannan a kawo min ace wai haka kawai ta mutu. kenan sai ince musu somebody fiddled with this phone?

Mazaunin Manchester: Sosai ma, daidai kenan. In kana so ka nuna cewa da mugun nufi aka taɓa ko an taɓa abin da doka ta hana sai ka ce tampered with, kamar mitar wuta da aka yi wa haɗin baya ko ambulan da aka buɗe aka sake liƙewa. Fiddled with tafi sauƙi, karambani ne kawai. Kuma ga wata da zata maka amfani, fiddly. Aikin da yake da ƙananan abubuwa masu wahalar kamawa, irin ƙananan nocin waya da sai da hantsaki, Turawan Ingila sai su ce it's a fiddly job. Mutum mai mutsu-mutsu kuma fidgety. Kar a juya su, fiddly na aiki ne ko kaya, fidgety na mutum

Mai Gyaran Waya: fiddly job, wallahi sana'ata kenan gaba ɗaya. na rubuta

Mai Shirin JAMB: Salam. Malam dan Allah ni matsalata ta jarrabawa ce. A lesin an ce mana phrasal verb, wato aikatau mai tafiya da ƙaramar kalma, in ka cire ƙaramar kalmar ma'ana tana canjawa gaba ɗaya kamar give da give up, kuma ana iya raba su kamar turn it off. To fidget with ai ma'anar bata canja ba, kuma ban taɓa jin fiddle it with ba. Anya phrasal verb ne ma kuwa?

Ɗalibar Zariya: phrasal verb ne mana, a ƙamus ɗina ƙarƙashin phrasal verbs aka sa fiddle with

Mai Shirin JAMB: to ai ni shi ne ban yarda ba Yaya, sharuɗɗan basu cika ba

Malamin Sakandare: Ku duka biyun kuna da hujja, kuma tambayar tana da kyau ƙwarai, ɗalibi mai lura ne kawai yake yinta. Masu ƙamus na koyon Turanci suna faɗaɗa sunan, duk aikatau da ke tafiya da ƙaramar kalma sai su tara su waje ɗaya don sauƙin nema. Masana nahawu kuwa sun kasa su uku, haka Randolph Quirk da abokan aikinsa suka yi a babban littafinsu na nahawun Turanci na 1985. Kashi na farko shi ne phrasal verb na ainihi irin turn off, wanda zaka iya cewa turn off the fan ko turn the fan off, in kuma it ce dole ta shiga tsakiya, turn it off. Na biyu prepositional verb, irin look at da listen to da wannan fiddle with namu, su ba a raba su ko kaɗan, abin da ake taɓawa kullum bayan with yake zuwa, fiddle with it, fiddle with the pen. Na uku mai ƙananan kalmomi biyu, irin put up with, kuma a nan fiddle around with take. To in a jarrabawa ne ba za a tambaye ka sunan kashin ba, za a baka jimla da gurbi ne ka cike, "The nervous candidate kept fiddling ___ his tie", a jera maka on, at, with, by. Ka zaɓi with ka wuce. Abin da nake so ka riƙe shi ne kar ka raba su kuma kar ka yar da with ɗin.

Mai Shirin JAMB: Na gode Malam Allah ya saka. Amma kenan ni ne da gaskiya a nahawu

Malamin Sakandare: A nahawun masana kai ne da gaskiya, a tsarin ƙamus yayarka ce. Sai dai ka gyara abu ɗaya, ka ce ma'ana bata canjawa in an cire with. A fidget haka ne. A fiddle kuwa tana canjawa mummunan canji ma.

Baba Tsohon Akawu: Malam bari in karɓa daga nan don wannan fagena ne, shekara talatin da wani abu ina aikin lissafin kuɗi. Idan ka cire with ka ɗora abu kai tsaye a bayan fiddle, ka koma maganar ha'inci. "He fiddled the accounts", ya yi coge a littafin kuɗi. "She fiddled her expenses", ta yi aringizon kuɗin tafiya, ta rubuta abin da ba ta kashe ba. "He is on the fiddle", yana cikin wata harƙalla. Turancin Ingila ne wannan, kuma da shi masu binciken kuɗi na zamaninmu suke magana. Na taɓa ganin ƙaramin ma'aikaci a wani ofis da na yi aiki, yaron kirki, yana so ya ce ya ɗan gyaggyara jerin alƙaluman ne don su zauna daidai a takarda, sai ya rubuta wa shugabanmu cewa I fiddled the figures. Ranar sai da aka kira shi aka rufe ƙofa, ni na shiga na yi bayani cewa kuskuren harshe ne, kuma sai da aka sake bin lissafin wata uku kafin a bar maganar. Har na bar wajen yaron nan bai daina jin kunyar abin ba. To ko da with ɗin ma ban ba kowa shawarar ya haɗa fiddle da kuɗi ko alƙaluma ba, ka ce adjusted ko corrected ka zauna lafiya.

Maman Biyu: Innalillahi, ashe tsorona na farko ba a banza yake ba

Baba Tsohon Akawu: Ba a banza ba 'yata, amma malamar ta sa with, kuma ta ce things. Ɗanki ba abin da ya yi sai taɓe-taɓe.

Mazaunin Manchester: Ƙari a kan maganar Baba, kar kuma a sa mutum a bayan fiddle with, ko yaro ko babba. A nan ma'anar da take bayarwa mummuna ce ƙwarai, ta taɓa jiki ta hanyar da bata dace ba, ba sai na fayyace ba. Kaya kawai. In kana nufin wani yana wasa da hankalin wata ne to toy with ake cewa, "he is toying with her feelings", yana ja mata rai ba aurenta zai yi ba

Amaryar Bara: toy with ɗin nan ba shi ake cewa ba in mutum yana tsakurar abinci

Mazaunin Manchester: Shi ne, toying with her food, tana jujjuya cokali a faranti bata ci. Akwai kuma toying with the idea, abu yana maka yawo a rai baka yanke ba, kamar kana tunanin ko ka koma karatu

Ɗan Maraɗi: Sallama gare ku. Mu nan da Faransanci muka yi lakwal, Turancin yanzu nike koyo saboda kasuwanci da Kano. Abin da kuka faɗi ya yi kama da namu, gigoter shi ne mutsu-mutsun jiki kamar fidget, tripoter kuma taɓe-taɓe da hannu, kuma shi ma tripoter in ka sa mutum bayanshi magana ta ɓaci. Tambayata ita ce about da around, na gani fiddle about na gani fiddle around, wanne ne daidai

Malamin Sakandare: Duka daidai ne ɗan uwa. About ta fi yawa a bakin mutanen Ingila, around kuma Amurkawa ita suka sani, yanzu ma ta bazu ko'ina. Ma'anarsu in babu with a baya ita ce shiririta, ɓata lokaci a kan ƙananan abubuwa alhali ga aiki na jira. "Stop fiddling around and load the truck", ka bar shiririta ka yi lodi. In ka ƙara with kuma ka dawo kan taɓe-taɓen kaya, fiddling around with the radio.

Ɗan Maraɗi: Madalla na gode Malam

Direban Dare: ni fa ina karantawa tun ɗazu, misalin da ya fi kowanne a wajenmu ai carbi ne. ka ga mutum zaune ana hira yana ta jan carbi yana kaɗa shi a yatsa yana dariya ba abin da yake karantawa, wannan ai fiddling with his carbi ne ko

Hajiya Malamar Islamiyya: A'a Malam dan Allah kar a kawo carbi cikin wannan. Abin zikiri ne, kuma ba ka san abin da ke zuciyar mutum ba, da yawa bakinsu baya motsi amma suna tasbihi a zuci. In muka koya wa yara cewa jan carbi sunansa fiddling gobe za su rubuta a insha'i cewa my grandfather was fiddling with his beads after prayer, alhali bawan Allah lazimi yake. Wannan ba daidai bane a addini, ba daidai bane a Turancin ma

Direban Dare: Hajiya ban ce masu zikiri ba, Allah ya kiyaye. ina nufin wanda ke wulwula shi a yatsa kamar makullin mota ana maganar ƙwallo, kin san akwai su

Hajiya Malamar Islamiyya: Akwai su ban musa ba, amma sai a bambance a fili

Baba Tsohon Akawu: Ku yi haƙuri da juna, Turancin da kansa ya bambance. Mai jan carbi yana ambaton Allah, tsohon Turanci cewa yake he is telling his beads, tell a nan tana nufin ƙirgawa. Ita kanta kalmar bead asalinta a tsohon Turanci addu'a take nufi, daga baya sunan ya koma kan ƙwayar da ake ƙirga addu'ar da ita. Yau dai an fi cewa he is counting his prayer beads, ko a ce praying kawai. Shi kuwa na Malam direba, wanda yake wulwulawa hankalinsa na kan hira, fiddling with ta hau shi daidai. Mutanen Girka ma suna da wani abu kamar carbi, komboloi, wanda ba na ibada ba ne, na rage zaman banza ne a gidan shayi, Turawa suna ce masa worry beads. Saboda haka in ɗalibi zai rubuta labarin kakansa bayan sallah, Hajiya ce da gaskiya, kada ya kusanci fiddle.

Hajiya Malamar Islamiyya: Na gamsu Baba, Allah ya ƙara lafiya. Telling his beads, zan koya wa 'yan ajina

Direban Dare: nima na karɓa, Hajiya a yafe ni in na faɗi ba daidai ba

Hajiya Malamar Islamiyya: Ba komai wallahi

Kawun Yara: Ni duk wannan Turancin bai dame ni ba, maganar yaron ce. Hajiya ƙiriniya ce kawai, ki sa babansa ya zane shi sau ɗaya zai daina. Mu da muka taso wa ya isa ya motsa a gaban malami

Nas ɗin Yara: Kawu dan girman Allah kar a ba da wannan shawarar. Ina aiki da yara shekara da shekaru, yaro ɗan takwas da aka zaunar awa biyar a benci cikin zafi dole hannunsa ya nemi abin yi, kuma malamar da kanta ta ce yana da ƙoƙari. Duka ba ya cire wannan, sai dai ya ƙara masa fargaba, fargaba kuma ita ce ma take ƙara taɓe-taɓen. Wasu yaran ma sai hannunsu na motsi suke iya sauraro. Maman Biyu abin da zan ce miki ki lura da shi kawai. Gaskiya ne cewa a littafin da likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka suke aiki da shi, DSM-5, yawan fidgeting yana cikin alamomin ADHD, wato larurar rashin iya tattara hankali da yawan zirga-zirga, amma alama ɗaya ce cikin tara na ɓangaren zirga-zirgar, sai yaro ya haɗa shida aƙalla, sun kai wata shida, kuma ana ganinsu a waje fiye da ɗaya kamar gida da makaranta, kuma suna hana shi karatu ko zama da mutane. Yaron da makinsa ke da kyau kuma abin da aka gani kawai murza biro ne, ba abin tashin hankali bane. In kin ga yana mantuwa sosai, baya gama aiki, baya iya jiran layi, ana ta kawo ƙararsa, to sai ki kai shi wajen likitan yara a duba, ba a intanet ake yanke wannan ba

Kawun Yara: To ai ku 'yan asibiti komai sai kun sa masa suna

Nas ɗin Yara: Kawu ai cewa na yi bana ganin yana da komai. Dukan ne nace a bari

Maman Biyu: Kawu na gode da kulawa amma gaskiya ba zan sa a dake shi a kan wannan ba, ni kaina in ina waya sai na tsinci kaina ina ninke gefen zani ina warwarewa. Anti nas yana gama aikin gida da kansa kuma hadda ma yana riƙewa, kawai dai hannun ne

Mazaunin Manchester: Shekarar 2017 ai duniya ta cika da wani abin wasa mai fuka-fuki uku da ake juyawa a yatsa, fidget spinner, har Kano ya shigo a lokacin. Daga wannan kalmar aka samo sunan, an ce wai don masu irin wannan hannun aka yi shi amma makarantu da yawa a nan suka hana shi saboda ya koma abin wasa sosai, ya tashi daga fidgeting ya koma playing kamar yadda Malam ya bambance a sama. Abin da na ga malamai a nan suna ba yara yanzu wani ɗan ƙwallo ne mai laushi da ake matsawa a tafin hannu ƙarƙashin tebur, baya ƙara baya ɗauke hankalin na kusa

Maman Biyu: Zan nema masa irinsa in malamar ta yarda. Dan Allah ku duba min saƙon da zan tura mata kafin in tura, ga shi: "Good evening ma, thank you for your comment. I will talk to him to stop fiddling things in class. Please is he disturbing other children?"

Mai Shirin JAMB: Anti with ɗin!! kin yar da shi

Ɗalibar Zariya: fiddling WITH things Anti, ki tuna labarin Baba

Maman Biyu: Subhanallah kun gani ko, yanzun nan aka gama faɗa. Na sa

Malamin Sakandare: Sauran ya yi kyau Hajiya. In kina so ya ƙara zama daidai ki ce "I will talk to him about fiddling with things in class", sannan ki ƙara tambayarta ko in ta yi masa tambaya a tsakiyar darasi yana amsawa, "Does he follow the lesson when he does it?" Amsar da zata baki ita zata nuna miki ko hannun ne kawai ko har da hankalin yake tafiya.

Maman Biyu: Na tura yanzu. Ta ma gani har ta fara rubutu

Maman Biyu: Ta ce baya damun kowa kuma ko yaushe ta tambaye shi yana amsawa daidai, abin da ya dame ta biro huɗu ya kwance a zangon nan ɗaya ma nata ne, sifirin ɗin ciki yake cirewa. Ta yarda da ɗan ƙwallon in an dawo hutu. Mai gyaran waya ko zaka ɗauke shi koyon aiki ranar Asabar in ya ƙara girma

Mai Gyaran Waya: da gaske nake Hajiya ki kawo shi ko yanzu cikin hutun nan, ina da matattun wayoyi cike da kwali, in bashi sukurdireba ya kwance su son ransa. nima da rediyon babana na fara